Gemun Malamin Waƙa

Zuwa ga ƙanena Auta,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya shago, yaya amarya da yara? Tunda ka mai da ƙin ɗaga waya sana'a, ga takarda ta hannun direba.

Ka san wanda aka kwantar mana a asibiti, ɗakin maza, gado na bakin taga? Malamin Waƙa na cocinmu na da. Ɓarin jikinsa ya shanye, hannun da yake kaɗa mana in muna waƙa ko cokali ba ya ɗagawa. Mutumin da ba a taɓa ganin gashi ɗaya a haɓarsa ba, yau gemu ya cinye masa fuska. In 'yan coci suka zo dubiya sai ya juya wa bango. Na kawo reza, ya kau da kai. Da ƙyar na gane abin da yake cewa: "Ɗan mai aski."

Kai yake nufi. Likita ya ce kwanakinsa ba yawa. Ka zo ran Asabar da kayan askin marigayi Baba.

Yayarka.

*

Yaya Nas,

Na amsa gaisuwa, kowa lafiya. Amma lallai kin iya aike!

Kin manta ne? Ni ban manta ba, ina bencin baya. Ana tsakiyar koyon waƙa ya ɗaga hannu ya tsai da kowa, ya nuna Baba, ya ce, "Mai aski, don Allah ran Lahadi ka riƙa motsa baki kawai." Aka kwashe da dariya. Na yarda muryar Baba sai a hankali, ko Mama takan rufe ƙofar kicin in ya fara. Amma shekara goma sha tara yana layin mawaƙan nan, shi ke fara zuwa ya share wurin. Daga ranar bai ƙara tsayawa cikin mawaƙa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Asabar ɗin da ta biyo baya. Mutumin ya shigo shago ya hau kujera ko kunya babu. Baba ya ɗora ruwa, ya gwada ɗuminsa a bayan hannu, ya wasa aska a jikin fatar nan da ke rataye gefen madubi, ya yi masa aski har da shafa mai. Ni kuwa na fita waje don kada in yi abin da za a ji.

Kujerar tana nan, har yanzu tana ƙara in an juya ta. Wani lokaci in na buɗe shago da safe sai in ji kamar zan tarar da shi yana ninke tawul yana kashe wata waƙar. Ina kewarsa ƙwarai, Yaya.

Kada ki ce na bar Allah. Kullum ina karanta Littafi kafin in ɗaga labule. Addu'ar ce dai ta bushe mini, na daɗe ina yi ina jin ko rufin ɗaki ba ta wucewa. Ki nemo masa wani, masu aski ba su ƙare ba.

Naki, Auta.

*

Auta,

Gaisuwa. Sarkin zuciya, ka fita waje, shi ya sa rabin labarin kawai ka sani.

Ni ma raina ya ɓaci ranar. Da yamma na tare Baba yana wanke kwanon kumfa, na ce, "Baba, kai ba ka jin haushi ne?" Ya yi dariya, ya ce, "Ni? Kwana uku na durƙusa na kasa yin addu'ar Ubanmu. Har Malamin ya zauna a kujerar nan ban huce ba." Ya ce yana tallabe kan mutumin sai ya tuna shi ma haka Ubangiji yake tallabe da nasa kan, da duk abin da ke ciki. Ya ce da askar ta kai wajen kunnen hagu sai bakinsa ya buɗe, ya yi addu'a.

Ba wai Baba bai ji zafi ba ne. Ya fi son ya yi kama da Ubangijinsa fiye da ya rama, kuma ya sha wuya kafin ya iya.

Ba zan yi maka ƙarya ba, Malam bai ce zai nemi gafara ba, wataƙila ma ya manta abin da ya faɗa. Jiya ya sa na juya masa gadon yana kallon ƙofa. Motar farko tana tashi ƙarfe bakwai.

Allah ya riƙe ka. Yayarka.

*

Yaya,

Gaisuwa. An ce kina ɗakin tiyata, shi ya sa na bar wannan wurin mai gadi.

Na zo, na yi masa. Bai ce komai a kan Baba ba, ni ma ban ce ba. Da na nuna masa madubi ya daɗe yana kallo, sai hawaye, sannan ya ce a kira masa 'yan dubiya su shigo.

Za ki ga ɗan yanka a ƙarƙashin haɓarsa. Ina jin ba da gangan na yi ba. Ban gama yafe masa ba, Yaya, ki taya ni da addu'a.

Gemun zai fito kafin Asabar. Kada ki bar kowa ya taɓa shi.

Ƙanenki, Auta.