Sunan Mai Shi

Assalamu alaikum Yaya Tasalla,

Ina fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai sanyin nan garin Eindhoven.

Shugabana na wurin aiki, Sjoerd, ya ce in ɗauki wani ƙunshin umarnin kwamfuta da wani ya rubuta, in ɗinke shi cikin manhajarmu, amma in cire sunan mai shi. In aka haɗa, narkewa yake, ba a ganinsa. Har dariya ya yi: "Haba Rakiya, wa zai leƙa ciki?" Na ce, "Ai ni na gani."

Na haɗa shi da sunan mai shi. Saboda haka ba su sabunta kwantiragina ba, zan dawo gida.

Kada ki gaya wa Inna tukuna. Ki ce mata kawai bana tare za mu yi azumi, in sha Allahu.

Ƙanwarki,
Rakiya