Katakon Ƙofar Odessa

Yaya Arwa,

Gaisuwa mai yawa daga Detroit. Yaya ƙafar Umma? Yaya yara? An samu ruwa a garinmu Ibb bana?

Ni lafiya lau. Na bar aikin gidan mai, na shiga harkar gidaje: in nemo mai tsohon gida da ke son sayarwa, mu ƙulla yarjejeniya, sai in miƙa takardar ga mai ƙarfin saye ya ba ni la'ada. Wata huɗu ina ƙwanƙwasa ƙofofi ba sa'a. Kada ki gaya wa Umma, takalmina ne kawai ya ji jiki.

Makon jiya na samu gidan farko, na wata tsohuwa mai suna Odessa da za ta koma wurin 'yarta. Kafin ta sa hannu ta nuna mini katakon ƙofar ɗakin girki, inda ta riƙa zana tsayin 'ya'yanta duk shekara. Ta ce, "Ɗana, mai sayen zai bar wannan?"

Na san rushe ɗakin zai yi. Na ji tsoron ta fasa, amma sai na tuna bangon da Baba yake jingina mu yana aunawa. Na faɗa mata gaskiya. Sai ta ce, "To, ɗauko guduma." Na ɓanɓaro katakon na kai mata mota, ta sa hannu a takardar.

Yaya, na ji Yaya Fu'ad na maganar sayar da gidan Baba. Mai irin sana'ata ba shi da bakin hanawa. Ku dai jira ni in zo in yi kwana ɗaya a ciki.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninki,
Mukbil