Turken Fara

Kano, 11 ga Fabrairu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Kubura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata kina lafiya. Yaya ƙafar taki? Ina gaida Haulatu, wadda na san ita ke karanta miki wannan. Haulatu, ki matsa ta kunnen dama ki ɗaga murya, don da waya na kira da rabin maganar ya zube a hanya.

Inna, albishirinki. Mun yi nasara. Yau alƙalin kotun ma'aikata ya soke korar da aka yi mini daga aikin ɗan sanda. Ya ce barin shingen hanyar Mai'adua da na yi, na kai mutanen da mota ta kife da su asibiti, ba gudun aiki ba ne. Laifina kawai ban rubuta a littafin aiki ba, wannan kuwa bai kai kora ba. Za a mayar mini da kakina da igiyata uku. Ban san lokacin da na rungume lauyana Barista Abbas ba, har hular gashin nan tasa ta karkace.

Ba shi ke nan ba. Alƙali ya ce a biya ni abin da na kashe wajen ɗaukaka ƙara. Yana faɗa zuciyata ta tafi wurin Fara. Ban manta ranar da kika kwance ta da hannunki kika ba Barista a matsayin kuɗin aikinsa ba, saniyar da kika gada daga garken mahaifinki. Kika juya baya lokacin da ake ɗora ta a mota, kika ce wai hayaƙi ne ya shige miki ido, alhali ko wuta ba a hura ba. Shekara biyu ke nan in na zo Sandamu ba na iya kallon turkenta, shi ya sa ma na rage zuwa, ba hidimar shari'a ce ta hana ni ba kamar yadda nake cewa.

Na yi miki alkawari, kuɗin nan na shigowa zan fanso ta in ɗaure ta inda take.

Ki gaida kowa da kowa. Ni ne ɗanki,
Kalilu

Daura, 3 ga Afrilu

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya zafi? Na ga saƙon daddawa, Allah ya ƙara girma.

Inna, kin kusa ja mana. Da aka zo maganar biya, lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe ya ce kotu ba ta san saniya ba, rasit ta sani. Kin tuna ranar nan na buɗe baki zan ce Barista ya rubuta mana takarda, kika mintsine ni a cinya? Kika ce ba a neman takarda wurin mai taimakonka, rashin kunya ne. To kunyar nan taki saura ƙiris ta cinye mana Fara. Barista ya ce ko ya rubuta yanzu ba za ta wadatar ba, sai an sami wanda ya yi mata kuɗi a lokacin.

Sai na tuna Hamma dillali, wanda muka ɗauko ya duba ta. Na same shi a kara, inda ake cinikin shanu, ranar kasuwar Mai'adua, ina fargabar ko ya manta, mutumin da shanu dubu suka bi ta hannunsa. Ban gama magana ba ya ce ai fara ce mai ɓallallen ƙahon hagu, mai harbi da ƙafar dama. Na kai shi Kano, ya sha babbar riga kamar angon da za a ɗaura wa aure. Ya rantse, sannan ya kama siffanta ta tun daga haƙora har wutsiya. Aka ce ya taƙaita, ya ce ai bai zo tozo ba tukuna. Alƙali da kansa sai da ya sunkuyar da kai yana dariya, kuma ya karɓi shaidarsa.

Kuɗin za su fito ƙarshen wata. Gobe zan je in tsare Barista ya faɗa mini rugar da ya kai ta kiwo, don kullum na tambaya sai ya kawo wata hirar. Murna ta hana ni zama wuri ɗaya, har igiya sabuwa na saya.

Ɗanki,
Kalilu

Daura, 9 ga Mayu

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ki, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Haulatu, wannan karon ki karanta a hankali, kar ki tsaya a tsakiya.

Inna, na yi shiru mako biyar don ban san ta inda zan fara ba. Fara ba ta nan. Bara da shari'a ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ni kuwa ko kuɗin mota ba ni da shi, Barista ya sayar da ita, ya riƙa biyan kuɗin takardun kotu da zirga-zirgarmu zuwa Kano. An ɗora ta tirela zuwa kudu. Ya ɓoye mini ne don kar gwiwata ta yi sanyi, kuma ban ga laifinsa ba. Na yi kuka a ofishinsa, ni da kakina.

Da na share hawaye ya ce in hau babur ɗinsa. Muka je wata ruga da ba ta fi tafiyar awa guda daga gidanmu ba. Makiyayin ya koro wata karsana fara ƙal, mai baƙin tabo a kunne. Ashe Fara ta haihu a can watanni kaɗan bayan an kai ta, Barista kuma ya ƙi sayar da 'yar. Na miƙa hannu zan shafa ta, ta ɗauke ni da ƙafar dama. Ban taɓa jin daɗin harbi irin wannan ba, ina ɗingishi ina dariya.

Kuɗin sun fito shekaranjiya. Da farashin shekara biyu baya aka biya, wanda yau ko Fara na nan ba zai fanshe ta ba, amma ya sayi 'yarta a hannun Barista. Hamma ne ya yi mana cinikin, kuma a nan ya yi suɓul da baka. Ya ce tun ranar da ya duba Fara ya gaya miki tana da ciki, kika ja shi gefe kika roƙe shi kar ya bari in ji, don kin san in na ji ba zan yarda a tafi da ita ba.

Ashe biyu kika bayar, Inna, ni kuma ɗaya nake ta kukan na ci miki. Alƙali ya biya abin da Hamma ya rantse a kai. Wannan kuwa ban san kotun da ke biyansa ba.

Ban cika alkawarina yadda na ɗauka ba, ki yafe mini. Ranar Juma'a bayan masallaci zan taso da ita daga ruga, a ƙafa, da kakina, don mota ta ɗauki uwarta, ita ba za ta hau ba. Ki sa Haulatu ta share turke. In kuma hayaƙi ya sake shige miki ido, wannan karon kar ki juya baya.

Ni ne ɗanki mai neman albarkarki,
Sajan Kalilu Maharazu