Mashin ɗin Baba da Wanda Za a Faɗa wa

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Babi na huɗu na littafin da nake rubutawa ya tsaya cak. Labarin a shekarar fari ta 1974 yake, jarumin zai tashi daga Illela zuwa Ƙonni a kan babur, ni kuma ban san yadda ake tayar da babur na wancan zamani ba. Na rubuta "ya tayar da shi ya tafi". Ko ni ban yarda ba.

Ga na Baba can a ɗakin hatsi, baƙi, ɗan Ingila, shekara talatin ba a taɓa shi ba. Shi kaɗai ya san kansa. Gaskiyar da ba zan faɗa wa kowa ba: ba don littafin kaɗai ba ne. Ni ce 'yar fari. Shekarata arba'in da shida, bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa dubana ya yi min magana ba. Kunya, in ji manya. Yanzu ga ɓarin jikinsa na dama ya shanye, likita kuma ba ya haɗa ido da mu.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na tambayi Baba yadda ake tayar da mashin ɗin. Ina zaune gabansa, amma Goggo ƙanwarsa ya juya wa.

"Mi za ta yi da shi?"

Na yi bayani. Sai ya ce, "Hwaɗa mata a hwara sa shi hiri. Sannan a buɗe mai ƙarƙashin tanki."

Goggo ta maimaita min, kalma da kalma, kamar kurma ce ni. Na rubuta: firi, wato a cire shi daga giya. Haushi ya hana ni cin abincin rana.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ranar kasuwa. Mukhtari ƙanena ya zo da Dabo bakanike, tsoho mai furfura, suka turo mashin ɗin tsakar gida. Kashin kaji, yanar gizo, tayoyi a kwance. Baba ya sa aka ɗauko shi daga ɗaki aka zaunar da shi kan tabarma. Hannunsa mai lafiya yana ta motsi.

Asabar, 19 ga Oktoba

Dabo ya wanke tanki da kafireto, ya sa sabon fulogi. Mukhtari ya hau da isa, yana murɗa totur yana bugun kik kamar na 'yan kabu-kabu. Kik ɗin ya dawo ya make shi a idon sawu. Allah Ya yafe min, na yi dariya.

Baba ya ce ba a murɗa masa totur, ba ya so. Yau ya yi magana mai tsawo, duk ga Goggo. Ga su kafin in manta:

Akwai ɗan maɓalli jikin kafireto, a danna har mai ya jiƙa yatsa. A ja cok. A mayar da liban wuta baya, rashin haka ne ya jawo wa Mukhtari. A taka kik a hankali har ya yi tauri ya ƙi gaba. A nan sai a matse ɗan liban hannun hagu, a taka kaɗan ya wuce taurin, a saki. A bar kik ya dawo sama. Sai a hau shi da nauyin jiki duka, bugu ɗaya.

Ya ce wanda ya buga sau uku bai iya ba.

Talata, 22 ga Oktoba

Baba bai ci komai ba yau sai kunu cokali biyu.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na sa wando ƙarƙashin zane na hau da kaina. Goggo sai salati take. Sau tara na buga, ko tari bai yi ba. Ina haki na juya, na ga Baba yana kallona. Ni, ba Goggo ba. Bakinsa ya buɗe, wallahi na ga ya buɗe. Na tsaya da ƙafa a kan kik ina jira.

Sai ya kau da kai. "Ki ce mata man ya yi yawa. A bari shi sha iska."

Na shiga ɗakin hatsi na yi kuka kamar yarinya.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

An kwantar da Baba a asibiti. Ba ya gane kowa sosai.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Bayan sallar Azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Mutane sun ragu. Kowa ya zo gaisuwa sai ya ce Malam Halliru mutum ne mai kunya, irin na da. Ina amsawa da "Allah Ya jiƙansa". Kunyar ta amfana min me? Ina jin haushin mamaci, kuma ina jin kunyar jin haushin.

Goggo ta same ni ina naɗe tabarmi. Ta ce akwai saƙon Baba da ba ta isar ba, ranar da za a kai shi asibiti ya ba ta.

"Ya ce in hwaɗa miki, in za ki buga kada ki miƙe gwiwa, ki bar ta a lanƙwashe. Ya ce ƙahwar dama ce wadda ta goce miki a Kalmalo kina shekara biyar, ba ta da ƙwari."

Ni kaina na manta wace ƙafa ce. Goggo ta ce shi ya goyo ni a kan mashin ɗin har gun mai ɗori, ya ɗaure ni a bayansa da rawaninsa, ya dawo ya ce wa mutane Dabo ne ya kai ni.

Na ci gaba da naɗe tabarma.

Asabar, 14 ga Disamba

Kwana arba'in. Bayan an watse na fito da mashin ɗin. Firi, mai, maɓalli, cok, liba baya. Na nemi taurin, na wuce shi kaɗan. Gwiwa a lanƙwashe.

Bugu na biyu ya kama. Ƙara mai nauyi, daki-daki, har kwanoni na rawa a madafi. Goggo ta zauna a dandaryar ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

Ban san me ya sa na ɗauki waya ba. Na kira babbar 'yata a makaranta a Sakkwato, wai don ta ji ƙarar. Shekararta ashirin, "ke" nake ce mata, ko "Yarinya". Haka na taso na gani. Ta ɗauka, sai na ji bakina ya ce, "Mahbuba."

Can ta ce, "Mama, wa ya rasu kuma?"

Na ce ba kowa, kira kawai na yi. Ƙila ƙarar ce ta ruɗa ni. Gobe zan koma babi na huɗu.