Tashar da Muka Kora Ta Sauka Ƙofar Yelwa

Gumel,
12 ga Maris, 1977.

Zuwa ga Yaya Rahamatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan ke da Malam da yara kuna lafiya a Kaduna. Allah ya ƙara lafiya, ya bar zumunci. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana fita barka, saniyar Bappa kuma ta haihu.

Yaya, abin da ke cin raina zan faɗa miki. Kin san bara masu awo sun kafa turaku a bayan unguwarmu, za a yi sabuwar tashar mota da gidajen ma'aikata. Maigidana Malam Ilu ne ya shige gaba wajen ƙin abin. Ya tara dattawa suka ce gonakin gado ne, burtalin shanu ma ta nan ya bi, kuma tasha ba ta kawo komai sai 'yan kamasho da hayaniya. Suka yi ta sintiri wurin manya har aka tumbuke turakun. Ranar har guɗa na yi.

Ashe hanyar Maigatari aka mai da su, daidai ƙofar ƙanwarmu Yelwa. Mijinta Haladu ya bar su suka kafa. Yanzu ki zo ki gani. Kwalta ta bi ta gabansu, an ja musu famfo, gidaje masu rufin kwano sun jeru. Yelwa ta kafa rumfar tuwo a bakin tashar. Ranar Alhamis, in manyan motoci suka nufi kasuwar Maigatari, Yelwa ba ta sauke tukunya sai la'asar. Yelwar da ni na koya wa tuƙin tuwo! Ranar suna a gidan yayanmu Hamma ta shigo da sabuwar atamfa da agogo, mata na ta shafawa, ni ina gefe da zanen sallar bara. Na yi mata murmushin yaƙe. Na san hassada ga mai rabo taki ce, sai dai zuciya ba ta jin karin magana.

Na yi wa Malam Ilu mita, ya ce gero ba ya tsira a kan kwalta. Gaskiyarsa ce, gonarmu tana nan, shanu na wucewa lafiya. Amma ni har yau guga nake ja.

Shekaranjiya Yelwa ta zo da kanta, ta ce aiki ya yi mata yawa, in karɓi gefen rumfarta in riƙa suyar ƙosai. Da zuciya ɗaya ta faɗa, shi ya fi ƙona ni. Malam ya ce ba zai hana ba, amma in tuna matar wa ce ni, don mutane za su tuna. Ban ba ta amsa ba tukuna. Amma Yaya, kada ki yi mini dariya, waken yana nan a jiƙe.

Ki gaishe da Malam, da Safara'u da Fadimatu. Inna da Bappa suna gaisuwa. Yelwa ma ta ce in gaishe ki, na kuwa isar, don saƙo amana ne.

Taki har kullum,
Sabuwa.