Mai Hannun Toka a Bakin Taga

Zuwa ga 'yata,

Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma kada ki kira ni sai kin kai ƙarshe. Na san halinki, a waya ba kya barin mutum ya dire magana, shi ya sa na koma takarda.

Bayan haka ina gaishe ki, da fatan kina lafiya. Ya aikin asibiti? Allah Ya ba marasa lafiyarku sauƙi.

Maganar ƙaninki ce. Ke kika saya wa Auta wayar nan, don haka ke zan faɗa wa abin da ta mayar da shi. Akwai wani fim na masu tashi sama, kashi na biyu, da bai ma fito ba tukuna, tallarsa kawai aka saki, wadda kafin ruwan shayi ya tafasa ta ƙare. To wannan tallar ce karatunsa, ita ce abincinsa. Shi da abokansa sukan cika mini bencin ƙofar shago, su haɗa kai a kan waya ɗaya, a tsayar da hoto, a matso da shi, a koma baya, a sake tsayarwa. Kuma ba jarumin suke kallo ba, mugun suke kallo. Wai shi Mai Hannun Toka, duk abin da ya taɓa sai ya zama toka. Ɗan mai wanki ya ce malamin jarumin ne da ya mutu a fim na farko ya dawo. Wani dogo mai tabarau ya rantse jarumin ne da kansa bayan ya tsufa. Masu sayen sabulu sai sun raɓa ta gefensu suke shigowa.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tayar mini da hankali, ƙaninki ne kaɗai ke cewa mutumin ba mugu ba ne. Ranar da ɗan mai wanki ya ce a ƙarshe kashe shi za a yi kowa ya huta, sai Auta ya shaƙe masa kwala. Yaron da ko kyanwa ba ya iya kora! Ni ban haifi lauyan azzalumai ba. Yau a fim ne, gobe zai ga ɓarawo a unguwa ya ce a duba dalilinsa. Na karɓe wayar na kulle ta a durowa. Tun ranar, daga "ina kwana" sai "na dawo", ba ya ƙara mini ko kalma.

Ki rubuto ki ja masa kunne, yana jin maganarki. Ki huta lafiya.

Mahaifiyarki.

*

Umma,

Na zauna, na karanta har ƙarshe, kuma kin ga ban kira ba. A yaba mini mana! Ina gaishe ki da kyau. Ya shago, ya ƙafar taki? Ki riƙa ɗora ta a kan kujera in babu masu saye.

Umma, wallahi ba Auta kaɗai ba ne. A nan ma likitan ƙashi da furfurarsa, shi da mai gadi, musun da suke yi ke nan kullum. Haka masu son irin finafinan nan suke, kafin fim ya fito sun gama tsara nasu a ka.

Faɗan dai bai kyauta ba, zan faɗa masa. Amma kin taɓa tambayarsa hujjarsa? Ni ya turo mini kafin ki karɓe wayar. A tallar akwai wurin da Mai Hannun Toka yake tsaye a bakin tagar gidan su jarumin, ana cin abinci a ciki. Kowa ya ce leƙen asiri yake yi kafin ya ƙone gidan. Auta ya tsayar da hoton, ya ga idon mutumin ya sauka kan wata tukunyar fure a gefen ƙofa, kuma a fim na farko ƙarƙashinta 'yan gidan ke ɓoye makulli. Ya ce duk wanda ya san inda makulli yake ɗan gida ne. Mutumin ya sani, bai ɗauka ba, ya cusa hannayensa a aljihu. Wai tsoro yake ya taɓa ƙofar ta zama toka.

Sauran maganar ba a bakina ya kamata ki ji ba. Roƙona ɗaya: ranar da ciniki ya yi sanyi, ki rufe shago ki je makarantar su Auta lokacin tashi. Kada ki tsaya a bakin ƙofa. Ki tsaya nesa kaɗan, ki dubi rumfar mai faci da ke tsallaken titi.

Ki yafe mini in na wuce gona da iri.

'Yarki mai jin magana, wani lokaci.

*

'Yata,

Ina gaishe ki. Ƙafa da sauƙi.

Na je. Na ga ubanku.

Ya rame, kansa ya yi fari, yana sanye da rigar aiki irin ta masu gyaran wuta, kekensa a jingine da rumfar. Da aka kaɗa ƙararrawa Auta ya fito cikin yara. Bai tsallaka ba. Ya durƙusa daidai saitin rumfar yana ɗaura igiyar takalmin da ba ta kwance ba, ya kwance, ya sake ɗaurawa. Shi kuma wancan ya zuba hannaye a aljihu yana kallonsa. Da yaron ya miƙe ya tafi, shi ma ya hau kekensa. Na ƙarasa na tambayi mai facin, ya ce, "Ai Mama, kullum nan yake tsayawa, kuma ko iska bai taɓa sa wa tayarsa ba."

Ashe ku biyun kun san ya dawo garin kuka rufe ni. Wannan laifi ne, kuma za mu yi maganarsa in kin zo. Ki kuma sani, ba wanda ya kori ubanku. Da ƙafarsa ya fita Auta yana rarrafe, ko sallama babu. Abin da na faɗa muku a kansa babu ƙarya a ciki, kuma fim ba zai wanke shi ba.

Da muka zauna cin abinci na ajiye wayar a gaban ƙaninki na ce ya nuna mini wurin tagar. Ya dube ni kamar bai ji ba, sannan ya matso da kujera. Ya nuna mini tukunyar, ya nuna idon. Na ce, "To in ɗan gida ne, me ya hana shi ƙwanƙwasa ƙofa kamar mutanen kirki?"

Ya ce, "Umma, in ya ƙwanƙwasa aka ƙi buɗewa fa?"

Na ce, "Sai ya dawo gobe. Mai laifi ba shi ke zaɓen ranar da za a buɗe masa ba."

Sai ya ce, "In kuma an buɗe, me za a ce masa?"

Na ce, "Ci abincinka, yana hucewa."

Rabon da in ji muryar yaron nan haka har na manta. Ban yanke komai ba tukuna. Abin da dai ba zan iya haɗiyewa ba shi ne ɗana durƙushe a bakin titi, a gaban jama'a, yana satar kallon ubansa.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki.

*

Umma,

Gaisuwa mai yawa. Auta ya kira ni, ya hana ni cin abincin rana da surutu. Wai kin ce Mai Hannun Toka ba mugu ba ne kawai, har da ragwanci, kuma ya kai wa abokansa wannan ra'ayin, dogon mai tabarau ya ce akwai ƙamshin gaskiya.

Tunda asiri ya tonu, Baba yakan kira ni. Kullum tambayarsa ɗaya ce: ko za ki bar shi ya zo gida ya ga Auta. In ya sake kira me zan ce masa?

'Yarki.

*

'Yata,

Ina gaishe ki, Allah Ya tsare.

Ki faɗa masa yadda na rubuta, kada ki sa masa sukari. Ban ce na yafe ba, ban kuma ce zan zauna hira ba. Amma daga yau ga dokar gidan nan: ɗana ya daina tsaya wa kowa a titi. Duk mai son ganinsa ya zo da rana, ta ƙofar gaba, ya yi sallama da muryar da zan ji daga kicin, ya zauna a falo inda idona ke kai wa. Wanda ya yi haka za a buɗe masa.

Mahaifiyarki.