Shafi Ɗaya a Kan Maigida

Litinin, 3 ga Maris

Ƙungiyar kafintoci za ta buga ɗan littafin tunawa da Maigida, shekara guda da rasuwarsa. Sakatare ya ce ni ne farkon wanda ya koya wa aiki, don haka shafi ɗaya nawa ne, in kai ranar Juma'a ta sama. Na zauna a bencin shago na rubuta tas. Na ba Auta ta duba min kurakurai, tunda ita ke karatun rubutu a jami'a. Kurakurai kawai na ce.

Talata, 4 ga Maris

Ta dawo min da takarda jajur kamar an yanka kaza a kai. "Mai haƙuri, mai gaskiya, mai riƙon amana," duk ta soke. Wai kowane mamaci haka ake ce masa. "Baba, kada ka faɗa mana, nuna mana." In nuna me? Mutumin yana kabari! Wai in kawo fage guda: a ina ne, yaushe, wa ya ce me, me ke hannunsa. Yarinyar da ni na koya mata riƙe fensir. Ƙusa ɗaya ba ta iya bugawa a miƙe ba.

In dai gaskiya za a bi, Maigida ba mai haƙuri ba ne. Wannan kam ta soke daidai, sai dai ba za ta ji daga bakina ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Yau kuma jigo. "Mene ne jigonka, Baba?" Na ce Maigida mana. Ta ce a'a, shi tauraro ne, jigo shi ne abin da nake so ya zauna a ran mai karatu bayan ya rufe littafin. Sai mabuɗi, wai "An haifi marigayi" ba ya jan kowa. Sai kuma wai babu rikici, labari ba ya tafiya sai wani na son abu, wani abu ya tare masa hanya. Rikici a littafin ta'aziyya! Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Uwarta na gefe tana ƙunshe dariya. Ita ma zan zo kanta.

Asabar, 8 ga Maris

Fage take so? Na ba ta. Asibiti, gadon ƙarshe kusa da taga, ledar ruwa na ɗiga. Maigida ya kama hannuna da hannunsa mai kanta, ya ce, "Riƙe sana'ar nan, na yafe maka." Ni da kaina sai da na tsaya na share ido. Ta karanta sau biyu, ta ce ga zance, ga hoto, komai ya ji. Yau na ci abinci har da ƙari.

Lahadi, 9 ga Maris

Da safe ina shan shayi ta zo ta tsuguna. "Baba, wace rana ka je asibitin?"

Na ajiye kofin, na kau da kai.

Wai a ƙagaggen labari ina da ikon ƙirƙirar har asibitin da likitocinsa, amma wannan labarin gaskiya ne, mai karatu ya ba ni amana a kan abin ya faru. Kuma za a karanta wa Inna, matar Maigida, wadda ta yi wata biyu a gefen gadon nan.

Ni za a mayar maƙaryaci a cikin gidana? Ba ita ta ce in nuna ba? Na nuna, ya zama laifi. Raina ya ɓaci matuƙa.

Litinin, 10 ga Maris

Ban kula ta ba. Na kuma yanke katakon mutane ya gaza da inci guda.

Laraba, 12 ga Maris

Ga rikicin, tunda shi ake nema. Nan dai babu mai soke min.

Shekara goma sha huɗu ina hannunsa. Wata rana na gama kabad, mai ita na tsaye yana jira, Maigida ya sa tef ya auna, ya ce ƙofar ta karkace. Ya ɗauki guduma ya farfasa ta a gaban mutumin, ni da 'ya'ya uku a lokacin. Na cire rigar aiki na fita. Shekara goma sha ɗaya ban sake taka shagonsa ba. Da aka ce yana asibiti na je har bakin ɗakin, na ji tarinsa, na juya. Na ce sai gobe. Goben nan na yi ta ɗagawa har aka kira ni jana'iza.

Kuma ƙofar ta karkace ɗin. Na sani tun kafin ya auna.

Na kwafe wannan a takarda, na ƙara sakin layi na ban haƙuri, na ajiye wa Auta a kan tebur.

Juma'a, 14 ga Maris

Abu ɗaya ta ce, in cire ban haƙurin, in bar mai karatu ya ji da kansa. Na cire. Ba don ta faɗa ba, shafin ne bai isa ba.

Kafin in kai wa sakatare na biya gidan Inna, don kada ta ji a bakin wani. Na karanta mata ina durƙushe. Ta saurara har ƙarshe. Can ta ce, "Ai ya hango ka ranar, ta gilashin ƙofa. Na tashi zan kira ka, ya ce in bar ka, za ka shigo da ƙafarka. Tun daga ranar ya sa aka juya masa gado yana fuskantar ƙofa."

Na ari biro a wurinta na ƙara wannan a ƙasan shafin, yadda ta faɗe shi, ban canza ko kalma ɗaya ba.